lower() ko casefold(), wanne za ka ɗauka in za ka mayar da rubutu ƙananan baƙaƙe?

Wannan aikin na mayar da manyan baƙaƙe ƙanana yana cikin abubuwan da ɗan koyon rubuta firogiram ke gani a makon farko ya ce ai wannan shan ruwa ne, ka rubuta suna.lower() a Python shi ke nan an gama. Ni ma haka na ɗauke shi tsawon lokaci, har ranar da na haɗa wani ɗan karamin akwatin bincike, bayanan suna cikin ma'adanar bayanai ta SQLite, na gwada da kalmomi kusan ashirin duk suna fitowa lafiya lau, sai wani ya rubuta "ƙasa" ya ce babu abin da ya fito alhali da idona ina kallon "Ƙasa" zaune cikin teburin. Na yi ta juya kod ɗin nan ina zargin sarari, ina zargin kibod ɗinsa, ashe lower() na SQLite baƙaƙen A zuwa Z kaɗai ya sani, Ƙ ɗin nan ko kallonta bai yi ba, ya bar ta yadda ya same ta. Tun ranar na daina raina wannan aikin.

To bari mu fara da Python tunda can ne zaɓin ya fi fitowa fili, hanyoyi biyu ne gefe da gefe kuma da ka gwada su da "SANNU" duk "sannu" za su ba ka, shi ya sa mutane da yawa ke cewa ai abu ɗaya ne sunan ne kawai daban. Ba ɗaya ba ne. lower() aikinsa ya ba ka rubutu da ƙananan baƙaƙe wanda mutum zai karanta ya ga daidai yake a harshensa. Shi kuwa casefold(), wanda ya shigo a Python 3.3 a shekarar 2012, babu ruwansa da kyan gani, shi dai ya niƙe rubutun ya mayar da shi wani fasali guda ta yadda duk kalmomi biyun da bambancinsu babba da ƙarami ne kawai za su fito iri ɗaya sak, don a kwatanta su.

Misalin da kowa ke kawowa na Jamusanci ne, kuma dole a kawo shi don shi ya fi nuna abin. Suna da wani baƙi ß, in za su rubuta kalma da manyan baƙaƙe bisa yadda aka saba sai ya koma SS. Kalmar titi a wurinsu Straße ce, da manya kuma STRASSE. Yanzu gwada:

"Straße".lower() ya ba ka "straße"
"STRASSE".lower() ya ba ka "strasse"

Ka ga sun saɓa, kalma ɗaya ce a wurin mai harshen amma == zai ce maka False. In ka sa casefold() kuwa duka biyun "strasse" za su koma, True. Amma duba abin da ya faru, casefold ya canza maka rubutun kalmar, baƙaƙe shida sun zama bakwai, in ka ɗauki wannan ka nuna wa Bajamushe a allo ka ɓata masa rubutu. Nan ne duk zancen yake, ɗaya na nunawa ne ɗaya na kwatantawa.

Girkanci ma yana da nasa, kuma ni ya fi burge ni. Baƙin sigma babbansa ɗaya ne Σ, amma ƙaramin biyu ne, σ a farko ko tsakiyar kalma, ς a ƙarshe. lower() na Python yana da wayon da zai duba ya ga ko baƙin a ƙarshen kalma yake, "ΟΔΟΣ".lower() ya ba ka "οδος" da wutsiyar da ta dace. Wayo ne mai kyau in nunawa za ka yi, amma a bincike shi ne zai kayar da kai, domin in mutum ya rubuta rabin kalma wanda ya tsaya a kan Σ, lower zai ɗauka ƙarshen kalma ne ya sa ς, a cikin cikakkiyar kalmar kuma σ ce a wurin, sai su kasa haɗuwa. casefold ba ya wannan dogon tunanin, duk sigma σ ce a wurinsa. Haka baƙaƙen nan da ake mannewa wuri guda irin ﬁ, waɗanda ke yawan biyo rubutun da aka kwafo daga PDF, lower zai bar shi a manne, casefold zai raba shi f da i. Duk wanda ya taɓa kwafo rubutu daga PDF ya nemi kalmar da yake gani da idonsa kwamfuta ta ce babu, to ya san wannan ciwon kan.

Wani abin dariya ma, sunan yana ruɗin mutane su ɗauka casefold kawai lower ne mai ƙarfi. A rubutun Cheroki casefold manyan baƙaƙe yake mayarwa, ba ƙanana ba, saboda manyan ne suka daɗe a Yunikod, wato tsarin da ya ba baƙaƙen harsunan duniya lambobi a kwamfuta, ƙananan sai a 2015 aka ƙara su a Yunikod 8.0, kuma ba a so a sauya sakamakon da aka riga aka adana. Wato ko alkawarin ƙananan baƙaƙe casefold bai yi maka ba, alkawarinsa kawai iri ɗaya za su fito iri ɗaya.

To baƙaƙenmu masu lanƙwasa fa? A Python 3 hankalinka kwance, "ƁƊƘƳ".lower() zai ba ka "ɓɗƙƴ", casefold ma haka, babu bambanci ko kaɗan tsakaninsu a nan. Inda matsala take shi ne tsohuwar dabarar nan da ake koya wa ɗalibai, wai ka ƙara 32. Asalinta gaskiya ce, a ASCII, wato tsohon tsarin da ya ba baƙaƙen Turanci lambobi, lambar A 65 ce, ta a 97, haka har Z, tazarar 32 ce daidai, bit ɗaya kacal ke raba babba da ƙarami kuma da gangan aka tsara shi haka. Amma wannan lissafin bai shafi baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. Ƙ lambarta 408, ƙ kuma 409, tazarar 1. Ɓ 385 ce, ɓ kuma tana can 595, tazarar 210. Ɗ 394, ɗ 599. Babu wata ƙa'idar lissafi a nan, teburi ne kawai Yunikod ta ajiye na wane ke tafiya da wane, duk fankshin ɗin da bai ɗauke da teburin nan ba zai iya ba ko ya so. Shi ya sa in na ga mutum ya zauna ya rubuta nasa lower ɗin da hannu da ord da chr a aikin gaske, ba na atisaye ba, sai in ji gabana ya faɗi.

Kuma ko a Python ɗin akwai rami guda, in abin da ke hannunka bytes ne, wato ɗanyun lambobin da ba a fassara zuwa baƙaƙe ba, ba str (rubutu) ba, misali ka karanto fayil da "rb" ko saƙo ya zo daga intanet ba ka yi decode ba, to .lower() ɗin bytes ASCII kaɗai yake taɓawa. Ba zai yi kuka ba, ba zai jefo maka kuskure ba, shiru zai yi ya wuce Ƙ, wadda a UTF-8, hanyar adana rubutun Yunikod, bait biyu ce. Irin wannan kuskuren mai shiru ya fi mai ihu cutarwa, gara firogiram ya faɗi ka san ya faɗi. Sai ɗan ƙaramin da ke kama sababbi, rubuta s.lower() a layi shi kaɗai ba ya canza s, sabon rubutu yake dawo da shi, in ba ka ce s = s.lower() ba ka zubar da shi ne. Haka yake a Java da JavaScript da C# duka.

Yanzu ga babban dodon, Turkanci. Su i biyu gare su, akwai mai ɗigo i wadda babbarta İ ce mai ɗigo, akwai maras ɗigo ı wadda babbarta I ce. Wato a wurinsu ƙaramin I ba i ba ne, ı ne. A nan ne harsunan firogiramin suka rabu gida biyu, kuma ya kamata ka san gidan da naka yake kafin ka saki kod.

Java da C# suna gida ɗaya, in ka kira toLowerCase() a Java haka tsirara ba ka ba shi komai ba, saitin harshen na'urar da yake gudu a kai yake dubawa. A kwamfutarka "TITLE" ya koma "title", a kwamfutar da aka saita da Turkanci ya koma "tıtle", in kuma kod ɗinka yana kwatanta shi da "title" don ya yanke shawarar abin da zai yi, ya karye ke nan, kuma ba za ka taɓa ganin karayar a wurinka ba, kai dai za ka ji ana cewa manhajar ba ta aiki ka rantse tana aiki, dukkanku kuma gaskiya kuke faɗi. Maganin a Java shi ne toLowerCase(Locale.ROOT) ga duk abin da na'ura ce za ta karanta, a C# kuma ToLowerInvariant() maimakon ToLower(). In kwatantawa kawai kake so kar ma ka wahalar da kanka da canzawa, Java yana da equalsIgnoreCase, C# yana da StringComparison.OrdinalIgnoreCase, duka ba sa kallon saitin harshe. Sai dai ka sani su baƙi da baƙi suke gwadawa, ba za su ce ß da SS ɗaya ne ba, ba su kai casefold nisa ba.

Python da JavaScript suna ɗaya gidan. toLowerCase() na JavaScript ba ya kallon saitin na'ura, ko ina sakamako ɗaya, in kana son na Turkanci sai ka nema da bakinka, toLocaleLowerCase("tr"). Ni wannan tsarin ya fi kwanta min, abin da ke da haɗari shi ne ake sa ka nema da gangan. Python kuwa lower ɗinsa ko hanyar ba shi harshe babu, in aikinka na Turkanci ne da gaske sai ka jawo wani abu daga waje irin PyICU. Kuma gwada "İ".lower() a Python ka auna tsawonsa, 2 za ka gani, i ce da wani ɗigo na daban a manne mata. casefold ma haka yake yi, don haka kar ka ɗauka casefold ya warware maka Turkanci, bai warware ba. Wannan kuma ya tuna min, in kana neman wurin da kalma take a rubutun da ka yi wa lower ko casefold sannan ka ɗauki lambar wurin ka je ka yanka asalin rubutun da ita, wata rana za ka yanka a karkace, tunda tsawon na iya canzawa.

JavaScript ba shi da casefold kwata-kwata, wannan gibi ne. Wasu na yin dabarar toUpperCase() sannan toLowerCase(), ß ta koma SS ta dawo ss, yana yi a mafi yawan lokuta, amma zai haɗe maka ı da i su zama ɗaya, wata sa'a abin da kake so ke nan wata sa'a a'a. Hanyar da ta fi tsafta in kalmomi biyu za ka gwada ita ce localeCompare ko Intl.Collator da sensitivity a kan "accent", wanda ke kau da kai daga babba da ƙarami amma ya kula da alamomin saman baƙi, in ka sa "base" kuma har alamomin zai share, a da á su zama ɗaya.

C kuwa, Allah sarki, tolower() ɗinsa bait ɗaya yake karɓa a lokaci guda, don haka rubutun UTF-8 ya fi ƙarfinsa tun daga tushe, kuma in ka miƙa masa char mai lamba ƙasa da sifili ba ka juya shi unsigned char ba, ka shiga yankin da ƙa'idar harshen ta ce komai na iya faruwa. PHP yana da strtolower na ASCII, wanda daga PHP 8.2 ya daina kallon saitin harshe gaba ɗaya, da mb_strtolower mai sanin Yunikod, in rubutun mutane ne na biyun za ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Rust ya burge ni da ya rubuta gaskiya a jikin sunan, to_lowercase da to_ascii_lowercase, ba wanda zai ce an yaudare shi. Go yana da strings.ToLower da strings.EqualFold na kwatantawa.

Kar kuma maganar nan ta sa ka ɗauka na ASCII ɗin banza ne, yana da ranarsa, har ma wani wurin shi ne daidai ɗin. Sunayen kanun HTTP, sunayen tag na HTML, wutsiyar fayil irin .JPG da .jpg, umarnin da firogiram ke karɓa irin YES da yes, duk waɗannan ASCII ne a ƙa'idarsu, kuma wayon Yunikod na iya zama ƙofar ɓarawo a nan. Akwai wata alama ta ma'aunin zafi na Kelvin mai lamba U+212A, da ido K ce sak amma baƙi ne daban, lower() yana mayar da ita k ta yau da kullum. Ka ɗauka kana da jerin sunayen da ka hana a yi rajista da su, ka duba jerin kafin ka yi lower, sannan ka yi lower ka adana, to mai wayo zai shigo da wannan K ɗin ya tsallake bincikenka ya fito da sunan da ka hana. Ko dai ka daidaita rubutun tukuna sannan ka bincika, ko kuma in filin na ASCII ne ka ƙi karɓar duk abin da ba ASCII ba tun daga bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da lower da casefold duka ba sa yi, mutane kuma suna ɗora musu laifi. Baƙi irin é ana iya adana shi hanya biyu, ko baƙi guda ɗaya, ko e da alamar a matsayin abu biyu, da ido ba ka bambancewa. Duk mai aiki da rubutun da aka sa wa alamomin karin sauti zai ci karo da wannan. Ka yi casefold sau goma ba za su haɗu ba, sai ka bi da su ta unicodedata.normalize. Abin da nake yi in zan gina makullin bincike shi ne

makulli = unicodedata.normalize("NFC", rubutu.casefold())

wanda ya ishi yawancin ayyuka, NFC ɗin yana haɗe baƙi da alamarsa su zama guda, NFD kuma raba su yake yi, in kuma kana son bin ƙa'idar Yunikod ɗin filla-filla ita cewa ta yi a yi NFD, a yi casefold, a sake NFD. Haka nan ƴ da 'y, ko ƙ da k ɗin wanda kibod ɗinsa ba shi da lanƙwasa, wannan ba zancen babba da ƙarami ba ne sam, baƙaƙe ne daban, in kana son bincikenka ya haɗa su kai za ka rubuta teburinka da hannunka, kuma ka yi tunani tukuna don ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne.

To wanne za a ɗauka? Ni tambaya ɗaya nake wa kaina, wa zai ga sakamakon. In mutum ne zai karanta, lower, da harshensa in harshen firogiramin ya ba da dama. In == ne zai gani ko makullin dict ko cire maimaici daga jerin sunaye, casefold tare da normalize. In kuma kalmar na'ura ce da na'ura, na ASCII ko Locale.ROOT. Wani zai ce ni duk masu amfani da manhajata ba Bajamushe ba Bagirke, me ya dame ni da casefold, kuma tsakani da Allah yana da gaskiya rabi, in rubutun Hausa ne da Turanci zalla lower da casefold sakamako ɗaya za su ba ka kusan kullum. Amma casefold ba ya cin kuɗinka, baƙaƙe uku ne kawai ya fi lower tsawo wajen bugawa, kuma duk wanda ya zo karanta kod ɗinka daga baya ya ga casefold ya san kwatantawa ake nufi a nan, ba nunawa ba. Zancen sauri kuwa kar ma ya shiga lissafinka sai ka auna ka ga a nan ne firogiram ɗin ke nauyi, wanda da wuya.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a adana wanda aka canza a jefar da na asali. Wannan hanya ce mai zuwa babu dawowa, da "McDonald" ya koma "mcdonald" babu fankshin ɗin da zai dawo maka da D ɗin tsakiyar nan, title() zai ba ka "Mcdonald", kuma shi title ɗin na Python har bayan alamar ɗauri yake ɗaga baƙi, "sa'a" ta koma "Sa'A", abin takaici. Yi gurbi biyu a teburinka, ɗaya na yadda mutum ya rubuta, ɗaya na makullin bincike, ka sa fihirisar a kan na biyun. Imel ma haka, ɓangaren bayan @ babu ruwansa da babba ko ƙarami, amma na gaban @ a ƙa'ida sabar da ke karɓar wasiƙar ce ke da ikon bambancewa, duk da cewa manyan masu ba da imel ba sa yi, don haka ka kwatanta da ƙananan don hana rajista sau biyu amma ka aika saƙo zuwa yadda mai shi ya rubuta. Kalmar sirri kuwa kar hannunka ya kai kanta da lower ko casefold, kana rage mata ƙarfi ne kawai ba tare da mai ita ya sani ba.

Shi kuma SQLite ɗin nan da ya ba ni kunya, daga baya na gano LIKE ɗinsa, umarninsa na neman rubutu, shi ma haka yake, A zuwa Z kaɗai yake yafe wa bambancin babba da ƙarami, sai in an haɗa shi da ICU, wani kod na waje mai sanin ƙa'idojin Yunikod. Ban tsaya haɗa komai ba, na ƙara gurbi guda a teburin na kira shi makulli, Python ya yi casefold kafin a adana, ya kuma yi wa abin da aka rubuta a akwatin binciken kafin a tambaya, na sake buga "ƙasa" sai ga "Ƙasa" ta fito a layin farko.